Damagaram: Garin da Ke Shan Ruwan Ƙauye

A shekarar 1926 Turawan Faransa suka tattara takardunsu da ma'aikatansu suka bar Damagaram, suka mayar da hedikwatar mulkinsu Yamai. Tun 1911 garinmu yake riƙe da wannan matsayi. Masana tarihi suna kawo dalilai da dama, har da kusancinmu da Kano da Turawan Ingila da ke mulkinta, da kuma rashin amincewar Faransawa da fadar Damagaram. Amma akwai dalilin da ko yaro a unguwar Zango zai faɗa maka ba tare da ya buɗe littafi ba. Yamai tana bakin kogin Kwara. Damagaram kuwa ba ta da ruwan da zai ishi 'ya'yanta, balle baƙi.

Na fara da wannan ne saboda abin da nake ji a majalisa da gidajen rediyo duk lokacin da bazara ta kama. Wani ya ce mun yi yawa, haihuwa ce ta jawo mana. Wani ya ce mun sare itatuwa, hamada ta cim mana. Kowanne da gaskiyarsa, kuma zan zo kansu. Sai dai a 1926 garin bai wuce Birni da Zango da 'yan unguwanni kaɗan ba, daji kuma yana kewaye da shi, amma da ƙishirwa ake kwana. Tushen matsalar yana ƙarƙashin ƙafafunmu.

Duk wanda ya taɓa shigowa Damagaram ya ga manyan duwatsun nan da ke zube cikin gari, wasu gidajen Birni ma a jikinsu aka jingina katanga. Abin da ido ke gani kaɗan ne. Garin kacokan a kan fa yake zaune, irin dutsen nan mai tauri da ba ya shan ruwa. A Maraɗi ko Magarya, in sama ta zubo, yashi ya tsotse, ya adana a ƙasa, mai rijiya ya haƙa ya tarar. A nan kuwa kamar a zuba ruwa a bayan ƙwarya ne. Ɗan abin da ya samu tsaga a cikin dutse ko ya maƙale a ruɓaɓɓen samansa, shi rijiyoyin gari ke tatsa, kuma kafin watan huɗu ya kama yawancinsu sai guga ya dawo da laka. Ga shi ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, kusan dukkansa a cikin wata uku.

A Birni aka haife ni, kuma na taso na tarar da kakata tana da randa uku da ba a taɓa su sai da izninta. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi, shi ake ba awaki. Na wanki a yayyafa a tsakar gida don ƙura ta kwanta. In yaro ya ɗebi moɗa ya sha rabi ya watsar da saura, sai ta kira shi ta zaunar, ta ce, "Ɗan nan, ka san daga inda wannan ya taso?" A lokacin mun ɗauka tsufa ne. Ashe tambayar tana da amsa, kuma amsar tana da nisa.

Da yake babu ruwa a ƙarƙashin gari, sai aka fita nemansa a waje. Da farko aka nufi kudu, Gogo da Macaya, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya. A can akwai kwari mai yashi a tsakanin tuddai. An yi madatsun da ke tare ruwan damina ya tsaya ya nitse, sannan rijiyoyin burtsatse su zuƙo shi, a turo mana ta bututu. Wannan ruwan ɗan damina ne. Shekarar da aka yi ruwa sosai ya cika, shekarar fari ya ja baya. Da Gogo da Macaya suka gaza, sai aka juya arewa, wajen hanyar Tanut, aka haƙa a Arunguza, daga baya aka ƙara matsawa har Ganaram, yankin da matatar man SORAZ take, wadda aka buɗe a 2011. Ƙasar Sin ta sa hannu a ayyukan arewan nan. Ruwan can yana da zurfi, a cikin dutsen yashi yake kwance, ya daɗe yana taruwa, kuma damina ɗaya ko biyu ba ta mayar da abin da aka ɗiba.

Ke nan kowane kofin ruwa da Badamagare ya kai baki, daga gonar wani ko makiyayar wani ya fito, ya yi tafiya mai nisa da ƙarfin lantarki. Shi ya sa ɗauke wuta a wurinmu ɗauke ruwa ne. Mun ga haka ƙarara bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba ta mayar ba sai a watan Maris na 2024.

To, ga kuma mutane. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen 54,000 a garin. A 1988 sun kai kusan 120,000. A 2001 sun haura 170,000, a 2012 kuma sun wuce 235,000. Cikin shekara 35 gari ya ninka fiye da sau huɗu, kuma daga 2012 zuwa yau bai tsaya ba. Duk wanda ya san inda gari ya ƙare a da, ya je ya duba bayan unguwar Kanya ko Garin Malam ko hanyar Mirya yanzu. Wani ɓangare na wannan ƙaruwa haihuwa ce, babu musu. Binciken lafiya na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaicin lissafi, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a lokacin. Amma wani ɓangaren gudun yunwa ne. Farin 1973 da 1974, da na 1984, da ƙarancin abincin 2005, kowanne ya kwaso iyalai daga Damargu da ƙauyukan arewa ya zube su a bakin gari, da yawansu ba su koma ba. Mutumin da garkensa ya ƙare ba za a ce masa ya zauna a daji don famfon birni ya huta ba.

Ina ganin tazarar haihuwa magana ce da ya kamata magidanta da malamai da likitoci su yi ta a fili, don lafiyar uwa da tarbiyyar ɗa. Abin da ba na yarda da shi shi ne a fake da ita. Garin da ke ƙaruwa da kashi 3 ko 4 cikin ɗari a shekara, cikin wajen shekara 20 zai ninka. Wannan lissafi ne da aka sani tun kafin a aza bututu. Amma kullum aikin ruwa a baya yake biyo gari. A yi bikin buɗewa, a samu sauƙin 'yan shekaru, sai a farga an yanka sababbin unguwanni, a koma gidan jiya.

Yadda ƙarancin yake a cikin gida, sai wanda ya zauna. Ni yanzu a wata sabuwar unguwa nake a gefen gari, a kan tudu, kuma tudu shi ne ƙarshen wanda ruwa ke kaiwa. Da rana famfo iska yake hurawa. In zai kawo, sai dare ya raba, lokacin da unguwannin gangare suka rufe nasu. Mata sukan bar kan famfo a buɗe su sa roba a ƙasa, su kwanta da kunne ɗaya a farke. Da an ji tsartuwa sai gida ya tashi, a cika randa da duro da duk abin da ke riƙe ruwa, har tukunyar miya. Da safe gaisuwar maƙwabta ta kan katanga ita ce, "Maman yara, naku ya kawo?" In an ce bai kawo ba, sai a shiga sauraron mai ga-ruwa.

Masana lafiya sun ce mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a rana, na sha da girki da ɗan tsafta, lita 20 ne. Gida mai mutum 10 ke nan jarka 10 masu cin lita 20 kowace rana, ban da wanki mai yawa, ban da dabbobi. Mai famfo a gida da ruwa ke zuwa masa yana biyan kuɗi kaɗan a kan lita dubu. Wanda ba shi da famfo yana sayen jarka ɗaiɗai, kuma a bazara kuɗinta kan ninka. In ka lissafa, talakan unguwar Kara-Kara ya fi mai gidan bene biyan tsadar lita guda, nesa ba kusa ba. Ban ga laifin 'yan ga-ruwa ba. Na taɓa tsayar da wani dattijo a cikinsu ina ƙorafin farashi, ya sauke hannun kurarsa ya ce, "Malam, tun kafin kiran assalatu nake layi, wannan ce tafiyata ta farko, ga rana ta take." Ban ƙara cewa komai ba, na biya shi.

Wanda ba shi da na saye kuma, 'ya'yansa mata ne ke biya da ƙafarsu. Yarinya ta kwana rabin dare a layin famfon unguwa, da safe ta tafi makaranta tana gyangyaɗi, ko ta ƙi zuwa gaba ɗaya. Azumin 2022 da 2023 da 2024 duk a watannin Maris da Afrilu ya faɗo, zafi ya haura digiri 40, mutane na ƙishirwar ibada suna kuma neman na buɗe baki.

Maganar itatuwa ita ce na fi so a yi wa adalci, domin an cika yi mata kuɗin goro. Gaskiya ne bakin garin Damagaram ya yi kwakkwafe. Muna yara, in ka fita bayan gari kaɗan za ka shiga gawo da aduwa da magarya da kurna, ga kalgo da sabara ko'ina, har mukan dawo da aljihu cike da 'ya'yan itace. Yanzu wuraren nan filaye ne da aka yanka aka kafa duwatsun shaida. Wanda ya sayi fili, abin da yake fara yi shi ne kiran mai gatari, ko da itacen a kusurwa yake inda ba zai hana gini ba. Itacen girki da a da jaki ke kawowa daga kusa, yanzu amalanke da mota ke ɗauko shi daga nesa. Matatar Ganaram tana fitar da iskar gas, gidaje da dama sun koma amfani da ita, amma mai tuwon gidan mutum 15 da mai kosai da mai gashin nama har yanzu itace da gawayi suka sani.

Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar, haɗe da bikin samun mulkin kai. Shekara 50 ke nan ana dasawa. Da rabin abin da aka dasa a Damagaram ya rayu, da yanzu a kurmi muke. Abin da ke faruwa kowa ya sani. A dasa dogon yaro a bakin hanya a watan takwas, ruwa ya ɗauke a watan tara, akuya ta cinye kan, sauran ya bushe a bazara. Wa zai sayi jarka ya zuba wa itacen da ba nasa ba, alhali 'ya'yansa ba su yi wanka ba?

Kuma kada a yaudari jama'a cewa dashen itace a cikin gari zai kawo ruwa a famfo. Alaƙar itace da ruwan ƙasa ba miƙaƙƙiya ba ce. A kewayen Yamai masu bincike sun tarar ruwan ƙasa ya yi ta hawa shekaru da dama duk da fari, saboda sassabe daji ya sa ruwan sama yana gudu ya taru a tafkuna ya nitse daga can. Amma ribar ta zo da hasara, domin ruwan ya tafi da ƙasar noma ya bar zaizaya. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa ruwa ya fi nitsewa a inda itatuwa suke jefi-jefi, ba su yi cunkoso ba, ba a kuma share su ba. Saiwa da gara suna buɗe hanyoyi a cikin ƙasa, ganyen da ya zuba yana hana ta daskarewa. Ga mu Damagarawa, ma'anar wannan ita ce itacen da ya shafi famfonmu yana tuddan Gogo da Macaya. Shi ne ke rage wa ruwa gudu, ya riƙe yashi kada ya gangaro ya cike madatsun. Na cikin gari kuwa aikinsa inuwa da tare ƙura, kuma a garin da kwano ke ƙuna a watan biyar wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya sa ba na karɓar cewa yawan mutane dole ya cinye itace shi ne abin da idona ya gani a kudu. Ka bi hanyar Mirya, ko ta Matamaye da Magarya, a tsakiyar rani. Nan ne jama'a suka fi cunkoso a duk jihar Damagaram, babu sauran daji, gona na jikin gona. Amma gawo ne iyakar ganinka, kore shar, a lokacin da komai ya bushe. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su ci su kwanta a gindinsa su bar kashi. Manomi zai nuna maka da hannu yadda geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri.

Waɗannan itatuwa ba dasa su aka yi ba. Bayan farin 1984 manoma suka daina sare duk tohon da ya fito a gona. Sai su zaɓi mai ƙarfi su bari, su rage masa rassa, su kare shi har ya fi ƙarfin akuya. A Maraɗi, inda wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma tun farkon shekarun 1980, ana kiran abin sassabin zamani. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 ta wannan hanya. Babu jarkar ban ruwa ko guda, domin saiwar tana nan a ƙasa tun da.

Me ya canza? A da doka ta ce itace na gwamnati ne. Manomi na iya shan tara a kan reshen da ya sara a gonar ubansa, don haka gara ya kashe toho tun yana ƙarami kafin ya zame masa rigima da ma'aikatan daji. Da aka sassauta, aka zo da dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, sai ya raina. Tsofaffi a nan suna ba da labarin cewa Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Manoman Magarya sun kai ga abin da sarkin ya nema ba tare da dogari ba. A cikin gari kuwa har yanzu itacen bakin hanya maraya ne. Ban ga abin da zai hana magajin gari ya damƙa wa kowane mai shago da mai gida itacen ƙofarsa a rubuce ba, ya kuma sa sharaɗi a takardar fili cewa babban itacen da aka tarar ba a sare shi sai da dalili.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai fiye da komai, wato ruwan da muke bari ya wuce. A watan takwas kuka muke da ambaliya. A farkon Satumbar 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Gidaje da yawa sun faɗi a daminar nan. Tafkunan da a da ke karɓar ruwan gari, wasu an cike su da shara, wasu an yi gini a bakinsu da kan hanyar da ruwa ke bi ya shiga. Bayan wata bakwai mutanen da suka kwashe ruwa daga ɗakunansu da bokiti su ne ke layi da jarka.

A yi lissafi mai sauƙi. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 400, lita 40,000 ke sauka a kansa. Gidan mutum 10 da ke amfani da lita 200 a rana, wannan ruwan kwana 200 ne. Ko an ce rabi ya zube, saura ya ishi gida ya ƙetare watan uku da na huɗu da na biyar, waɗanda su ne masu wuya. Gina tankin siminti mai murfi yana cin kuɗi, ba kowa zai iya ba, kuma in ba a rufe shi da kyau ba sauro zai samu gida. Amma makarantu da masallatan Juma'a da asibitoci da kasuwanni suna da rufi masu faɗi, kuma indararonsu a titi yake zuba.

A farkon 2024 gwamnati ta karɓi harkar rarraba ruwan birane daga kamfanin SEEN, wanda Veolia ta Faransa ke da kaso mafi girma a cikinsa tun 2001, ta miƙa wa sabon kamfani na ƙasa mai suna NDE. Mutane da yawa sun yi murna, ni ma ina fatan alheri. Sai dai dutsen da ke ƙarƙashin Birni bai san an canza suna ba. Ko wa ke riƙe da makulli, aikin bai canza ba. A toshe bututun da ke yoyo, a sama wa injinan turo ruwa wutar rana don kada su dogara da layin da ke zuwa daga nesa, a faɗa wa kowace unguwa ranar da za ta samu da sa'ar da za ta samu, mata su daina kwana a zaune.

Sannan a tuna da masu ruwan. Manomin Gogo da ya bar gawo da kalgo a gonarsa ta kan tudu, ya jera duwatsu don tare zaizaya, yana yi wa famfon Sabon Gari aiki ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma babu wanda ya taɓa aika masa da ko na goro. Ina ganin ya dace a ware wani abu daga kuɗin ruwan da muke biya, komai ƙanƙantarsa, a mayar wa ƙauyukan da ke kewaye da rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, a biya su ladan kula da tuddai da yashe madatsu kafin damina. Duk ƙauyen da bututun nan ya ratsa ta gonakinsa kuma, a tabbata yana da famfonsa da wurin shayar da dabbobinsa kafin ruwan ya wuce zuwa gari.